Wa Ya Ɗora Ta A Sikeli?

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a garinmu Awe, garin gishiri, na ba 'yan aji shida labarin wata dabba da ta ƙare a duniya fiye da shekara miliyan 20 da suka wuce. Masana suna kiranta Paraceratherium. Dangin karkanda ce, amma ba ta da ƙaho. An tono ƙasusuwanta, sun zama dutse, a Balucistan ta ƙasar Pakistan, aka raɗa mata suna a 1911. Na ce musu nauyinta tan 30 ne, watau kamar toron giwa biyar.

Sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, wa ya ɗora ta a sikeli?" Na rasa ta cewa, na daka masa tsawa, na ce haka littafi ya faɗa. A makarantar Mishan an hore mu kada mu faɗi abin da ba mu sani ba. Ranar nan kuwa ban yi barci ba don kunya.

Da na gaya wa kawuna, mahauci, sai ya yi dariya. Ya ce, "Ɗana, kawo mini ƙashin cinya in gaya maka ko na maraƙi ne ko na bijimi. Ai ba a ɗora babban soro a kan siririn ginshiƙi."

Ashe dabarar masana ke nan! Sukan auna kaurin ƙashin cinya da na dantse na dabbobi masu rai waɗanda aka san nauyinsu, tun daga ɓera har giwa. Sa'an nan su gwada na dabbar da ta ƙare, su yi lissafi. Amma ƙashi ba ya nuna ƙiba ko rama, don haka kintace ne, yana iya canzawa. A 1993 Fortelius da Kappelman suka sake lissafin dabban nan, suka ce mafi girmanta ba ta wuce tan 15 zuwa 20 ba. Littafina tsohon zance ya ɗauko.

Na koma aji da zare da ƙasusuwa biyu daga wurin kawu, muka auna tare. Na ba yaron nan haƙuri a gaban kowa.

'Yan'uwana malaman gobe, in almajiri ya ƙure ku, kada ku ɓuya a bayan littafi. Ku ce, "Zo mu bincika."