TSAKANIN "AN CE" DA "AN GWADA"

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, magana ce a kan wani abu ɗan ƙanƙane wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma yana iya raba uwa da ɗanta tun ba a yi suna ba. Cibiyar jariri nake nufi.

Mu mata muna da wata ɗabi'a. Da zarar an ce wance ta sauka, kowace mai zuwa barka da maganinta a baki. Wannan ta ce a gasa cibiya da tsingaro, waccan ta ce a sa toka, wata ta ce ai man goge baki shi ne ke sa ta faɗi da wuri. In kika tambayi dalili, amsar ɗaya ce: haka aka yi wa wane, ga shi nan ya girma. To amma wa ya taɓa ƙidaya waɗanda aka yi wa hakan ba su girma ba? Su ba sa zuwa barka balle su ba da labari. Sai dai a ce iska ce, ko a ce kwana ne ya ƙare, a yi wa uwar gaisuwa a watse.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan magana, wata 'yar yayata ce da ke karatun kiwon lafiya. Da za ta rubuta kundin bincikenta na gama makaranta, ta zo mana Kamarawa da takardar tambayoyi, tana bi gida-gida tana tambayar mata abin da suke sa wa cibiya. Wata tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyar nan, da tsingaro anka gasa cibiyar uwakki, ga ta nan da ranta. Mi kike nema kuma?" Yarinyar ta rusuna ta ce, "Gaskiya ne Inna, amma haihuwa nawa kika yi, nawa suka rayu?" Tsohuwa ta yi shiru, can ta ce tara, huɗu sun koma tun ba su yi arba'in ba. Yarinyar ba ta ce tsingaro ne ya kashe su ba, domin ba ta da hujjar cewa haka. Rubutawa kawai ta yi ta wuce gida na gaba.

Da dare na ce ta fahimtar da ni wannan bincike da suke ta faɗa. Ta ce, "Anti, ai kina yin sa a madafi. In ƙosanki ya sha mai, ba kya canja wake da mai da wuta duk a rana ɗaya. Abu ɗaya kike canjawa ki ga bambanci, in ba haka ba yaya za ki gane mai laifin?" Ta ce nasu ma haka ne: a yi tambaya guda, a ƙidaya kowa, mai rai da wanda ya rasu, a kwatanta waɗanda aka yi wa abu da waɗanda ba a yi wa ba, sannan a bar wasu su sake gwadawa a wani wuri.

Ga yadda aka yi a kan cibiya. A ƙasar Nefal, tsakanin 2002 zuwa 2005, masana daga Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka tare da 'yan ƙasar sun bi jarirai sama da 15,000 a gundumar Sarlahi. Suka kasa unguwanni gida uku. Kashi na farko ana shafa wa cibiyarsu wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kilohezidin, na biyu ruwa da sabulu, na uku a bar ta a bushe cikin tsabta. Kuma da ƙuri'a aka yi rabon, don kada maganin ya faɗa gidajen masu hali kaɗai, a zo ana yabon magani alhali wadata ce ta yi aiki. Da sakamako ya fito a 2006, an ga mummunan ruɓewar cibiya ya ragu da kashi 75 cikin 100 a wurin masu maganin, kuma waɗanda aka shafa wa tun a ranar farko mutuwarsu ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ruwa da sabulu kuwa, duk da hankali yana ba mutum cewa zai yi amfani, bai rage komai ba. Kun ga amfanin gwaji ke nan.

Ba a tsaya nan ba. An sake gwadawa a Bangaladash, an kuma gwada a Fakistan ta hannun ungozomomi irin namu na gida, inda mutuwar jarirai ta ragu da kashi 38 cikin 100. Duka biyun sun fito a 2012. A 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, Jihar Sakkwato ta zama ta farko a Najeriya da ta sayo maganin ta raba wa masu haihuwa a gida a ƙananan hukumominta 23, har da Isa da Sabon Birni.

Sai kuma ga abin da ya fi burge ni. A 2016 aka fitar da sakamakon wasu manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Zambiya, ɗaya a tsibirin Pemba na Tanzaniya, kowanne da jarirai sama da 30,000. A can maganin bai rage mutuwa ba. Da mu ne, da sai mu ɓoye don kada a yi mana dariya. Su kuwa suka buga shi kowa ya gani, suka zauna neman dalili. Aka lura cewa a wuraren nan haihuwar asibiti ta fi yawa, kuma mutuwar jarirai dama ba ta kai ta wancan yanki ba. Saboda haka a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asali dai a bar cibiya a bushe cikin tsabta, maganin kuma a yi amfani da shi a inda aka saba sa mata abubuwa masu cutarwa. To 'yan uwa, mu duba da kyau, ba mu ake nufi ba? Yawancinmu a ɗaki muke haihuwa, ga toka ga tsingaro, ga kuma hanyar asibiti da rashin tsaro ya sa ba ta biyuwa da dare.

Don haka ke mai ciki, in kin je awo ki tambayi malamar asibiti maganin cibiya, ki kuma karɓi allurar rigakafin sarƙewar haƙora, domin wannan bai ɗauke wa wancan aiki ba. A wanke hannu a shafa shi tun ranar haihuwa, kullum sau ɗaya har kwana bakwai, kada a haɗa shi da komai. Kuma don Allah cibiya kaɗai. A 2019 hukumar ta yi gargaɗi cewa an sami jarirai a ƙasashen Afirka da suka makance saboda an ɗiga musu shi a ido, an zaci maganin ido ne. In kika ga gindin cibiya ya yi ja, ko yana ruwa da wari, ko yaro ya ƙi mama, kada ki jira gari ya waye sau biyu.

Ban ce a raina iyayenmu ba, abin da suka tarar suka yi, kuma da ƙauna suka yi shi. Amma in an kawo miki magani, ko daga asibiti ko daga bakin maƙwabciya, ki yi tambaya uku cikin ladabi: wa ya gwada, a kan mutum nawa, kuma yaya waɗanda ba su yi amfani da shi ba suka ƙare? Matambayi dai ba ya ɓata. Ku kuma masu 'ya'ya mata a makaranta, ku bar su su yi nisa, domin sirrin ɗakin haihuwa mace ake faɗa wa, ba namiji mai riƙe da takarda a zaure ba.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sauki masu ciki lafiya.