Ɗurin Bindiga Fiye da Kima

A ƙasarmu ta Anka da Gummi da Bukkuyum, a da ba kowa ke riƙon bindiga ba, sai maharba da 'yan bindigar Sarki masu buga ta ran hawan Salla. Su kuwa gadon abin suka yi, tun suna yara su ke ganin iyayensu na auna albarushi. Amma tun daga wajen shekarar 2011, da ɓarayin shanu suka addabi Zamfara, sai ga manomi da tela da mahauci sun shiga aikin sa-kai, kowa ya tafi wurin maƙeri ya sayo adaka. Sun sami bindiga, ba su sami wanda zai koya musu ita ba. Abin da na fi ji a bakinsu shi ne, wai in ka daɗa albarushi ka daɗa wa bindiga ƙarfi. Wannan magana ita na ke so mu duba, gama ta ci yatsun mutane.

Sa'ad da wuta ta kama albarushi, nan take ya ke zama iska mai zafi wadda ke neman wurin da ya fi nata girma nesa ba kusa ba. Iskan nan ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba, ko'ina ta ke turawa. Yadda ta ke tura harsashi ya fita, haka ta ke tura jikin bututun, da gindinsa wanda ke daura da fuskar mai harbi. In ƙarfen ya jure, harsashi ya tafi. In bai jure ba, sai ta fita ta inda ta sami rauni. Ƙarin albarushi kan ƙara gudun harsashi kaɗan, amma wahalar da ya ke ɗora wa ƙarfe ta fi wannan riba yawa.

Turawa masu ƙera bindigogi sun daɗe da sanin haka. A Birmingham, cikin Ingila, inda aka ƙera bindigogi masu yawa da aka kawo Afirka ta Yamma, tun 1813 aka kafa gida musamman don jarraba bututun bindiga. A can za a yi mata ɗurin da ya fi na kullum, a buga ta ba kowa kusa, in ta tsira a buga mata hatimi. A Amurka kuma akwai wani irin harsashi na libarba da fistol wanda aka ƙara wa ƙarfi da gangan, ana rubuta masa alamar +P a gindin kwanso don kada a ruɗe. To, nawa ne ƙarin? Harsashin fistol mai milimita 9, iyakar turinsa laba 35,000 ne a kan kowane murabba'in inci, mai +P kuwa 38,500. Watau kashi ɗaya cikin goma ke nan kurum. Duk da haka ba a sa shi sai a bindigar da masu ƙera ta suka ce za ta ɗauka, kuma an san yana saurin tsufar da ita.

Ku dubi wannan, jama'a. Mutanen da ke da ma'auni da ƙarfen da aka jarraba, kashi ɗaya cikin goma suka ƙara, da tsoro. Mu kuwa da tafin hannu mu ke awo, mutum ya ninka ɗuri biyu don ya ji an ce ɓarayi na tafe. Ba raina maƙeranmu na ke yi ba, akwai gwanaye cikinsu, amma ba su da gidan jarrabawa, kuma wani bututun na ruwan famfo ne, mai ɗinki a tsawonsa, ba don wuta aka yi shi ba.

Wani zai ce, "Ai na sha yi mata babban ɗuri, ba ta fashe ba." Gaskiya ne, amma ƙarfe gajiya ya ke yi kamar igiyar guga. Yawan bugu na iya barin 'yar tsaga wadda ido ba ya gani, toka kuma ta jawo laima, tsatsa ta ci daga ciki. Ran da za ta fashe, mai yiwuwa ne da ɗurin kullum za ta fashe.

Akwai wani saurayi maƙwabcina, ni na kan rubuta masa wasiƙa kafin ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Wata rana da dare suna gadi, ya ja kunama bindiga ta ƙi tashi. Cikin duhu da firgita sai ya sake ɗuri a kan na fari. Da ta tashi, ta tsage daidai inda hannun hagunsa ke riƙe da ita. Yatsu uku aka yanke masa a asibiti, ga shi manomi, ga damina ta kama. Da aka kawo mini bututun na duba, ya buɗe kamar karan da aka tsaga.

Tsofaffin maharba suna da dabara a kan wannan. Su kan yi zane a jikin sandan da a ke danna ɗuri, daidai inda ya ke tsayawa in bindiga ba kome cikinta. In aka zura sandan zanen bai kai baki ba, to, akwai ɗuri a ciki. Ma'auninsu kuma ɗaya ne, ba sa canza shi don fushi ko gaggawa. In bindiga ta ƙi tashi, su kan dakata tana fuskantar fili, don wani lokaci wutar na ci a hankali. Su kan danna harsashi har ya zauna a kan albarushi, ba a barin sarari tsakani, kuma in bakinta ya caki ƙasa ba sa harbi sai sun fid da taɓon.

Abu ɗaya ya rage wanda na zamani ne, tsofaffi ba su san shi ba. Garin da ke cikin harsashin kanti ba albarushi ba ne irin namu, wani iri ne marar hayaƙi, turinsa ya fi na baƙin albarushi ƙwarai. Wanda ya farke harsashin bindiga mai baki biyu ya juye garin cikin adaka, ko da rabin awonsa na kullum ya zuba, zai iya tarwatsa ta a hannunsa.