Inda Gani Ya Kori Ji

Takieta gari ne na mararraba. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa, a nan take sakin reshe guda ya gangara kudu, ya bi ta Matamai ya shiga Najeriya ta wajen Daura, ita kuma ta ƙarasa kimanin kilomita 50 da suka rage mata zuwa birnin Damagaram. Saboda haka Ingilishi ba baƙo ba ne a garinmu. Yana jikin manyan motocin da ke kwana a bakin hanya, yana kan kwalayen sabulu da na magani, yana kan takardar naira. Amma duk a rubuce yake zuwa mana. Da wuya yaro ya tashi a Takieta ya ji mutum biyu suna hira da shi.

Haka ma yake a lakwal. Yaro yana yin shekara 6 ta firamare da Faransanci, sai ya shiga ajin farko na kwaleji ake buɗe masa littafin Ingilishi. Na daɗe ina wannan aiki a kwalejojin yankin nan, na san yadda yake: allo, alli, aji cike maƙil, da muryar mutum ɗaya, wato malami, wanda yara ke kira mushe. Mu rubuta ƙa'ida, yara su kwafa, su haddace jerin aikatau, ranar jarrabawar BEPC ko ta bak su maido mana a takarda. A da wasu garuruwa sukan dace da ƴan sa-kai na Amurka, yara su ji harshen daga bakin masu shi, amma a watan Janairun 2011 aka kwashe su duka daga Nijar saboda matsalar tsaro. Daga nan ko wannan ƴar taga ta rufe.

A zamanin karatunmu, mai son jami'ar gwamnati sai ya tafi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Da aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, abin ya zo kusa. Ta Damagaram, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, ta zama ta ƴaƴanmu. Yaran da na koyar suka fara komawa gida hutun damina da jakar littattafai, da safe su tafi gona, da la'asar su zo gaishe ni. Wasu a can suke karatu, wasu a Yamai ko Maraɗi. Akwai masu karanta Ingilishi kansa, akwai masu labarin ƙasa da lissafin kuɗi waɗanda aka ɗora musu shi a matsayin darasin dole.

A wata damina cikin shekarun farko na jami'ar, wasu daga cikinsu suka same ni a ƙofar gida. Babbansu ya ce, "Mushe, mun ji ana cewa mai neman tallafin karatu a waje sai ya ci wata jarrabawa da ake kunna masa murya ya saurara. Mu fa ba mu san matsayinmu ba. Ku auna mu." Na ce masa, "Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kun shirya jin gaskiya, ku zo ranar Lahadi da biro da takarda."

Na nemi aron aji guda a wata makaranta da ke hutu, na kuma gayyaci wani abokin aikina da ke koyarwa a lise a Damagaram don mu zama biyu wajen ba da maki. Muka tsara gwajin kashi huɗu. Na farko shifta: sakin layi guda, in karanta shi sau uku. Na biyu labaran duniya da muka naɗa daga rediyo, ɗaya daga shirin Muryar Amurka na masu koyo, wanda aka fara a 1959, ana karanta shi a hankali da zaɓaɓɓun kalmomi kimanin 1,500, ɗaya kuma daga BBC da saurinsa na yau da kullum. Na uku, su saurari wani jawabi a kan noman gero su rubuta taƙaitaccen abin da suka ji, irin aikin da jarrabawar TOEFL ta intanet ta shigo da shi a 2005, inda ake gama kunne da alƙalami a tambaya ɗaya. Na huɗu wasiƙar neman aiki. Kayan aikinmu rediyo ce mai cin memori, da sababbin batura.

Mun gama shifta ke nan, na danna rediyo, sai hadarin da ya haɗo tun hantsi ya ɓarke. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rufin kwano lokacin ruwan Agusta ya san ko muryar na kusa da kai ba ka ji. Na gaba suka miƙa wuya wajen rediyo, na baya suka ajiye biro. Abokina ya ce a ci gaba, ai kowa ruwa ɗaya ke dukansa. Wata ɗaliba ƴar Tirmini, wadda ke zaune a bencin ƙarshe, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ku yi haƙuri, ruwan ɗaya ne amma nisan ba ɗaya ba ne." Muka kashe rediyo, muka jira ruwa ya ɗauke, muka jera bencina zobe, rediyo a tsakiya, sannan muka sake daga farko. A ranar na gane da idona cewa a gwajin saurare ɗakin ma yana cikin jarrabawa. Ƙarar babur, amsa-kuwwar bango, raunin batur, duk suna cin makin ɗalibi ba tare da laifinsa ba.

Da aka kunna labaran, na zagaya ina kallon fuskoki. A na Muryar Amurka biro suna tafiya. Da muryar BBC ta shigo, sai ajin ya tsaya cik. Ƴar Tirminin nan, wadda tun tana kwaleji ba ta sauka ƙasa da 16 bisa 20 a wurina ba, ta ƙura wa rediyo ido kamar za ta ga kalmomin suna fitowa. A gefenta wani saurayi, ɗan direban babbar mota, wanda a aji bai taɓa yin fice ba, yana rubutu yana gyaɗa kai.

Da dare muka zauna da takardun, muka naɗe wajen suna don kada sanayya ta shiga. Nan ma muka yi muhawara. Al'adar shiftar da muka gada daga makarantar Faransa ita ce a cire maki a kan kowane kuskure, har ɗalibi ya wayi gari da sifiri ko da ya ji komai. Muka yarda mu raba makin gida huɗu: abin da ya ji, yadda ya jera tunaninsa, nahawu, sai ƙa'idar rubutu. Da ba mu raba ba, da abin da takardun ke faɗa ya ɓuya mana.

Ga abin da suka faɗa. Ɗalibai da yawa sun rubuta 30 inda aka ce 13, sun rubuta 50 inda aka ce 15, domin a Ingilishi inda aka danna murya cikin kalma shi ke raba waɗannan lambobi, Faransanci kuwa bai saba musu da haka ba. Wasu sun bar gurbi a kan kalmomin da suka sani sarai. Dalili shi ne, tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066, ɗimbin kalmomin Faransanci suka shiga Ingilishi, rubutunsu kusan ɗaya, furucinsu ya yi hannun riga. Ɗalibinmu yana ganin kalmar a takarda zai gane ta, ya karanta ta a zuci da muryar Faransa. In Bature ɗan Ingila ya furta ta, sai ta wuce shi kamar bai taɓa gamuwa da ita ba. Ga kuma rikicin p da f da ke damun kunnen Bahaushe, da yadda masu harshen ke haɗiye ƙananan kalmomi su liƙa wannan da waccan.

A wasiƙa kuwa labari ya juya. Ƴar Tirmini ta rubuta shafi mai tsabta, babu kuskuren nahawu, sai dai ta gina shi irin ginin da aka koya mata a lise: doguwar shimfiɗa, hujja, kishiyar hujja, sai a ƙarshe buƙatar ta fito. Mai ɗaukar aiki da Ingilishi yana son ya ga buƙata a layin farko. Ɗan direba kuwa, wanda ya kama labaran BBC kusan duka, wasiƙarsa cike take da Ingilishin tasha, babu aya babu waƙafi, kalmomi a rubuce yadda kunnensa ya ji su.

Washegari da na mayar musu da takardu, yarinyar ta dubi makinta na saurare, hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Mushe, ashe duk shekarun nan ban iya komai ba?" Na ce, "Ƴata, kin iya abin da aka koya miki, kin ma iya shi da kyau. Wannan ba a taɓa koya miki ba." Na tambayi saurayin inda ya samo kunnensa. Ya ce tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa Kano, yana zama a Kantin Kwari ana ɗaure kaya, kuma ba ya barin sharhin gasar Firimiya ta Ingila a gidan kallo. Babu wanda ya taɓa ba shi maki a kan wannan.

Ana cikin haka wani dattijo alaramma, maƙwabcin makarantar, wanda ya ji muryoyin Turawa na fita ta taga kwana biyu, ya leƙo ya yi sallama. Na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, mu a tsangaya ba mu raba kunne da alƙalami. Sai an biya wa yaro ya ji, ya maimaita, sannan karatu ya zauna. Wanda ya kai satu, daga ka yake rubuta allonsa, ya kawo darasu a karanta a gaban malamai, kowa yana saurare, a gyara masa. Ku me ya sa kuka fara da ido?" Ba ni da amsar da ta wuce in ce haka muka tarar.

Sauran hutun a kan hanyarsa muka bi. Kullum bayan la'asar, in an dawo daga gona, mu saurari labari na ƴan mintoci ba takarda a gaban kowa. A sake kunnawa, kowa ya faɗi abin da ya kama, da Hausa ma in ya so. A karo na uku ne ake ɗaukar biro. Sai mutum ya tashi ya karanta abin da ya rubuta, sauran su gyara masa. Na haɗa ƴar Tirmini da ɗan direba a rukuni ɗaya: shi ya maimaita mata jimla har ta ji inda aka danna, ita ta nuna masa inda jimla ke tsayawa. Na kuma tuna musu cewa kunnen Bahaushe ba kurma ba ne. Harshenmu yana rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya, da tsawon wasali da gajartarsa. Mai wannan kunne yana da jari, aiki kawai ba a ba shi ba. Kafin a fara yankan gero muka sake gwaji da sababbin labarai. Babu wanda ya zama Bature, amma guraben da ake bari a takarda sun ragu ƙwarai, yarinyar kuma ta kama lambobin duka.

Abin da ya sa wannan damina ta tsaya mini a rai shi ne inda ɗaliban suka nufa bayanta. Da yawansu, suna gama digirin farko, malaman kwantaragi suka zama a kwalejojin ƙauyukan Garagumsa da Dakusa da Kance. Malamin da aka ba shi takardar shaida ba a taɓa auna kunnensa ba, yara ɗari-ɗari ne za su gaji furucinsa da tsoronsa. Ɗalibi kuwa abin da za a tambaye shi ranar jarrabawa shi yake karantawa. Jarrabawa kamar tiya ce a kasuwar hatsi: in ta lotsa, mai saye da mai sayarwa duka sun cutu, ko da babu wanda ya yi niyyar cuta.

Yanzu maganar ta ƙara nauyi. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Harshen aiki ana amsa waya da shi, ana zama taro da shi, ana rubuta rahoton abin da aka ji a taron. Duniya ta daɗe da ma'aunin matakai shida, daga A1 zuwa C2, wanda Majalisar Turai ta fitar a 2001, kuma a cikinsa saurare da magana da karatu da rubutu kowanne da matakinsa. Ba sai mun jira ɗakin na'urori masu tsada kafin mu yi haka ba. Kusan kowane ɗalibin jami'a yau yana da waya a aljihu, muryoyin Landan da Legas da Nairobi duk suna shiga cikinta, kuma ya kamata a gwada shi da dukkansu, domin Ingilishin da ɗan Damagaram zai fi ji a rayuwarsa na maƙwabtansa ne.

Roƙona ga malaman jami'o'inmu da masu tsara jarrabawar bak guda uku ne. A ba saurare makinsa na kansa tun daga kwaleji. A tabbatar na bencin baya yana ji kamar na gaba kafin a fara ƙirga masa kuskure. A kuma mayar wa ɗalibi da takardarsa tare da bayanin inda ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni, ba lamba tsirara bisa 20 ba. Yaran Takieta da suka zo da ƙafarsu suka ce a auna su ba tsoron gaskiya suke ba. Haƙƙinsu ne a kanmu mu koya musu abin da za mu auna, mu kuma auna shi da adalci.