Wagadugu, Birnin Mata Masu Keke

A wannan mako za mu leƙa Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ƙasar da a dā ake kira Haute-Volta, kafin Thomas Sankara ya sake mata suna cikin 1984. Birnin Mosawa ne, a can fadar sarkinsu Mogho Naba take. Ba baƙon wuri ba ne ga Hausawa, gama fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun daɗe suna ratsa ƙasar Mosi. Har unguwa gare su a birnin, ana ce da ita Zangouettin, wadda aka rushe cikin 2003 don a sake fasalin gari.

Abin da zai fara ba baƙuwa mamaki shi ne yawan kekuna da babura. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, har wasu manyan tituna an ware wa masu ƙafa biyu tasu hanya a gefe. Da sassafe sai ki ga mata jere bisa keke. Wannan ta goya ɗa, waccan ta ɗaure ƙaton kwando na tumatir da kabeji a baya, ga mai itace, ga 'yar makaranta da jakarta. Wasu daga ƙauyukan kewaye suke fitowa, irin su Lumbila, inda ake noman lambu a bakin dam, wajen mil 12 daga gari. Ba wanda ke tsayawa kallonsu, domin keke a wurinsu kamar jaki ne a wurin manomi. Da shi ake neman abinci, da shi ake zuwa asibiti da makaranta.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. A watan Maris da Afrilu zafin Wagadugu yakan wuce digiri 40, kuma da an bar kwalta sai jar ƙasa mai gargada. Wadda ta yi mil 12 zuwa, mil 12 komowa, cikin zufa, da kaya a baya, ta san abin da sirdi ke yi wa mazaunai da matsematsi. Wannan ciwo ba ruwansa da gari ko ƙabila. Duk inda aka daɗe bisa keke cikin zafi yana nan, har da ku 'yan makarantarmu masu zuwa daga nesa.

Ga yadda yake samuwa. Nauyin jiki yana danne fata bisa sirdi, kowane juyi na feda kuma sai fatar ta gogu. Zufa ta jiƙa ta, ta yi taushi, ta saluɓe. Da farko ja ne kawai da raɗaɗi. In aka ci gaba, ƙwayoyin cuta su shiga ta gindin gashi, ƙuraje su feso. In aka ƙara ƙyalewa, ƙurji ya zama maruru mai mugunya, zama ya gagara, balle tafiya kasuwa.

Kada wata ta ce ragwanci ne, gama gwanaye ma yana kayar da su. Tun 1987 ake yin babban tseren keke na Burkina, watau Tour du Faso, amma wanda ya fi shi suna shi ne na ƙasar Faransa. A na 1989, Laurent Fignon ya shiga ranar ƙarshe yana gaba da sakan 50, ga kuwa ciwon sirdi ya matsa masa. Cikin mil 15 da suka rage, daga Versailles zuwa Faris, Greg LeMond na Amurka ya ƙwace tseren da sakan 8 tak, bayan tafiyar fiye da mil 2,000. Haka kuma kafin wasannin Olimfik na 2016, hukumar tseren keke ta Birtaniya ta tara likitoci musamman domin matan da ke yi mata tsere, don an tarar ciwon ya yawaita cikinsu.

Rigakafi ya fi magani, kuma rabinsa yana hannun mai gyaran keke. Mata da yawa keken miji ko na wa suke ara, alhali an daidaita shi ne da tsawon mai shi. Ki hau, ki ɗora diddige bisa feda sa'ad da take can ƙasa. In ƙafarki ta miƙe daidai ba tare da kin karkata ba, tsawon ya yi. In sirdi ya cika tsawo, ƙugu zai riƙa rangaji dama da hagu, kowane rangaji kuwa guga ce. Sai a sa sifana a sauke shi. A duba kuma kada bakinsa ya ɗaga sama. Faɗinsa ya zama ya ɗauki ƙasusuwan nan biyu da kike zama a kansu. Kada laushi ya ruɗe ki, domin sirdi mai laushi da yawa nutsewa ake yi cikinsa, ya danne inda bai kamata ba. Wanda ya yage kuwa, naɗa masa tsumma ƙarin wahala ne, gara a sake shi.

Sauran rabin yana hannunki. Ki sa wando mai laushi a ciki, marar kaurin ɗinki a tsakiya, kuma kada ki zauna bisa ƙullin zane. Kafin tafiya mai nisa a shafa ɗan man kaɗanya ko basilin inda ke gugar juna. A hanya ki riƙa ɗagawa daga sirdi jifa-jifa, jini ya zaga, iska ta shiga. Kada a yi aski ana gobe doguwar tafiya, in za a yi kuwa a yi da sabuwar reza. Da isa gida a tuɓe jiƙaƙƙun tufafi, a wanke da ruwa da sabulu marar zafi, a tsane sarai. Wandon jiya ba a maimaita shi sai an wanke.

In ƙurji ya riga ya fito, a jingine keke kwana biyu ko uku. A jiƙa tsabtataccen ƙyalle da ruwan ɗumi a ɗora kamar minti 10, sau uku ko huɗu a yini. Kada a matse, kada a huda da allura ko ƙaya, kada a barbaɗa toka. In kumburin yana ƙaruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko kaluluwa ta fito, ko an yi mako ba sauƙi, sai asibiti. Mai ciwon sukari kuwa kada ta jira ko kaɗan.

Babban abin da ke ɓata wannan ciwo kunya ce. Yarinya takan ɓoye har ta fara fashin makaranta, uwa na zaton ƙiwuya ce. Iyaye mata, in kun ga 'yarku tana ɗingishi ko tana ƙin hawa keke, ku ja ta ɗaki ku tambaye ta a hankali, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ma'aikaciyar asibiti kuma ta saba ganin irinsa, ba za ta yi wa kowa dariya ba.

Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu mako mai zuwa.