Neman Mai Yanka Gilashin Akwatin Kifi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan sana'ar yankan gilashi. Dalili kuwa, mutane sun soma sha'awar ajiye kifi cikin akwatin gilashi a ɗakunansu, don ado da kallo. Wannan al'ada daga Ingila ta bazu, gama a shekarar 1853 aka buɗe wa jama'a ɗakin kifi na farko a gidan namun daji na Landan. To, wanda bai iya sayen haɗaɗɗe daga kanti ba, tilas ya nemi mai yanka masa gilashi a garinsu. A nan kuwa gizo ke saƙa.

Ni akawu ne, aikina lissafi, saboda haka bari in fara da shi. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Akwatin da na yi niyyar haɗa wa 'ya'yana tsawonsa santimita 90, faɗinsa 45, zurfinsa 45. In ya cika, ruwansa lita 182 ne, watau ya fi jarka bakwai ta 'yan garuwa, nauyinsa kuwa ya ɗara buhun siminti uku da rabi. Wannan kaya duka gilashi zai riƙe dare da rana, yara suna zaune gindinsa suna kallo. Kuma ku sani, gwargwadon zurfin ruwa, gwargwadon ƙarfin turinsa a jikin gilashi.

Da wannan lissafi a aljihuna na shiga gari. Shago na fari masu haɗa tagogi ne. Yaron shagon ya jawo gilashi mai kauri milimita 4, ya ce, "Malam, ai gilashi gilashi ne." Na gode masa, na wuce. Wannan na taga ne, iska kaɗai ya saba tarewa.

A shago na biyu aka nuna mini ragowar wata ƙofa ta gasasshen gilashi, aka ce za a rage mini kuɗi. Gaskiya ne yana da ƙarfi, amma ba ya yankuwa. Da an nemi karya shi sai ya tarwatse ya zama tsakuwa, kamar gilashin gefen mota. Wanda ake so shi ne gilashi na kullum, irin wanda kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da hanyar yinsa a 1959. Akan zuba shi yana narke bisa narkakkiyar kuza, irin wadda aka san Jos da ita, don haka yakan fito sumul, kaurinsa daidai ko'ina.

A na uku na tarad da wani dattijo. Tun ban buɗe takardata ba ya ce, "Ɗana, zurfin ruwan nawa ne?" Na ce, "Santimita 45, Baba." Ya ce mai milimita 10 zai ba ni, in kuwa ina son mai 8, sai an ɗaure bakin akwatin da sanda ta gilashi don kada ya buɗe. Sa'an nan ya tambaye ni yadda bangon zai zauna. Da na ce duka huɗun bisa gindi za su hau, sai ya rage wa 'yan gefen nan biyu kaurin na gaba da na baya, faɗinsu ya koma santimita 43.

Na tsaya na ga aikinsa. Ja ɗaya tak yake yi da ɗan ƙarfensa mai kewayawa, ba ya maimaitawa, sa'an nan ya karya bisa layin. Kowane yanki ya auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta fuska biyu, sai awo ya zo ɗaya ya yarda. Daga nan ya goge kaifin da dutse da ruwa, domin 'yar tsaga a baki ita ke zama fashewa in ruwa ya danna. Ya gargaɗe ni kuma kada in liƙa da silikon na banɗaki, gama ana sa masa maganin hana fumfuna, wanda ke kashe kifi. Na bar liƙin mako guda ya bushe, na cika akwatin a tsakar gida kwana biyu don gwaji, kana ya shiga ɗaki.

Kuɗinsa ya fi na sauran, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Jama'a, in kun tashi neman mai yanka, ku rubuta awonku da milimita, ku zaɓi wanda ya tambaye ku abin da gilashin zai riƙe. Ku kuma masu sana'a, tambaya ba ta rage muku daraja, ita ce shaidar gwaninta. Allah Ya sa mu gane. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.