Daga bindigar toka zuwa Kalashnikov

Littattafan tarihin da ake karantarwa a lakwal suna cike da sunayen sarakuna da ranakun yaƙi, amma ba safai suke faɗin irin makamin da ke hannun mayaƙi ba. Alhali kuwa a ƙasar nan bindiga ta daɗe tana nuna wa ke sama, wa ke ƙasa.

Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya gane haka da wuri. Ya sayo bindigogi ta hannun ayarin Tarabulus, ya sa maƙeran Zinder suka zuba igwa, aka kuma haɗa albarushi a gida. Sai dai yawancinsu bindigogin toka ne, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kafin maharbi ya sake ɗuri, abokin gaba ya riga ya cim masa.

A wannan zamanin Faransa ta yi nisa. A 1874 sojanta ya karɓi bindigar Gras, mai cin harsashi guda cikin kwanson ƙarfe, wanda ake sakawa ta baya. A 1886 Lebel ta fito da harsashi takwas a ciki, kuma ita ce bindigar soja ta farko mai albarushin da ba ya hayaƙi, don haka da wuya a gane inda maharbi ya laɓe. Turawa ba su bar wannan rata a hannun sa'a ba. Yarjejeniyar Bruxelles ta 1890 ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu tsofaffi masu ƙyastu. Abin da ya faru a Lugu, garin Sarauniya, da Tirmini, inda rundunar Amadu Kuren Daga ta watse, duka a 1899, ba rashin jarumta ba ne. Makaman ne ba ɗaya ba.

Ko a cikin rundunar Faransa kanta akwai hawa-hawa. A 1907 aka ƙera wata bindiga, Berthier, musamman domin sojojin Afirka da ake kira tirailleurs sénégalais, ko da yake ba duka ne ƴan Senegal ba. Harsashi uku kawai take ci, amma a tare ake cusa su, ba ɗai-ɗai kamar na Lebel ba. Da yaƙin 1914 ya yi tsanani, Lebel ta kasa wadatar da dakaru, sai aka gyara Berthier a 1915 aka raba wa Faransawa kansu, a 1916 kuma aka mai da ita mai harsashi biyar. Abin da aka raina shi ya fid da mai gida kunya.

Daga baya MAS 36 ta zo, mai harsashi biyar, ƙirar masana'antar Saint-Étienne. Ita tsofaffin sojojinmu da yawa suka riƙe a yaƙin Indochine da na Aljeriya. MAS 49/56 ta biyo ta da harsashi goma, tana ɗana kanta bayan kowane harbi. Waccan masana'anta ta rufe a 2001, kuma daga 2017 Faransa ta soma sauya bindigarta FAMAS da HK416 ta Jamus.

Wadda ta rushe tsohon tsarin ita ce Kalashnikov, wadda sojan Tarayyar Sobiyet ya karɓa a 1949. Tana cin harsashi talatin, ba ta jin tsoron ƙura, gyaranta ba wuya, kuma ƙasashe da dama, irin su Sin, sun ƙera tasu. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka tsiyaye zuwa Sahel. Makamin da dā sai hukuma ya faɗa hannun ɓarayin shanu da masu satar mutane, kuma ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji sun ɗanɗana kuɗarsa.

Manomin da ke gadin garinsa da bindigar toka a gaban Kalashnikov yana tsaye ne inda kakansa ya tsaya a Tirmini. Malamin da zai koyar da yaƙin 1899 ya kamata ya faɗa wa ɗalibai abin da kowane ɓangare ya riƙe, da dokar da ta raba musu shi.