Sheila Kitzinger, matar da ta saurari masu naƙuda

A Ingila ta shekarun 1960, mace idan ta isa asibiti da naƙuda sai a yi mata aski, a wanke mata ciki, a kwantar da ita rigingine, a sagale ƙafafunta a kan ƙarafa. Miji yana can waje yana safa da marwa. Kan yaro na tahowa, a sa almakashi a yi mata ƙari, da dalili ko ba dalili, balle in haihuwar fari ce. Ba mai tambayar ta abin da take so. A 1970 ma rahoton kwamitin Peel ya ba da shawarar kowace haihuwa ta koma asibiti.

Cikin wannan yanayi Sheila Kitzinger ta ɗauki alƙalami. An haife ta a garin Taunton a 1929, ta yi karatun al'adun al'umma a Oxford. Ita ba likita ba ce, ba kuma ungozoma ba, abin da masu sukar ta suka daɗe suna goranta mata. Sai dai 'ya'yanta mata biyar duk a gida ta haife su, kuma ta je Jamaika ta zauna da mata da ungozomomin gargajiya, ta ga yadda kowace al'umma ke da nata salon tarbar jariri. Littafinta na farko, The Experience of Childbirth, ya fito a 1962.

A ganina, babban aikinta shi ne na 1979, The Good Birth Guide. Dabarar ba wuya: ta nemi mata su rubuto mata yadda aka yi da su a ɗakin haihuwa, ta tattara, ta buga har da sunan kowane asibiti. Wannan ya tsawata wa mai naƙuda, wancan ya raba uwa da jariri, ga wanda ya bar mace ta zagaya ko ta durƙusa yadda jikinta ya ba ta. Asibitocin da suka saba bincikar mata, sai ga mata suna bincikar su. Manyan likitoci da yawa ba su ji daɗi ba, amma masu ciki sun saya sun karanta, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Haka ta yi da batun ƙari a farkon shekarun 1980, kuma binciken masana daga baya ya nuna cewa yi wa kowace mace ƙari ba shi da amfani. Ta kuma tsaya kai da fata kan a daina ɗaure fursunoni mata da sarƙa yayin naƙuda.

Ba a rasa abin gyara a maganarta. Yadda take kambama daɗin haihuwa ya sa wasu matan da aka yi wa tiyata suka ji kamar sun gaza. Haihuwar gida da take yabo kuwa ta ƙasar da ƙwararriyar ungozoma ke zaune a gefen gado ce, motar asibiti kuma na zuwa da kira ɗaya. Inda mace ke zubar da jini a ƙauye ba mota ba magani, hujjarta ba ta kai can ba.

Ta rasu a gidanta ranar 11 ga Afrilu, 2015, tana da shekara 86. Mai zuwa awo ko mai karɓar haihuwa da ya samu littattafanta, ya karanta don darajar da ta nema wa mai naƙuda, kada ya mai da su hujjar ƙaurace wa asibiti.